Ciyawar Turawa a tsakar gidan Kano: wa zai ba ta ruwa a watan Afrilu?

Yayana ya tare a sabon gidansa can wajen Danbare shekara biyu da suka wuce, ranar walima kowa sai ɗaukar hoto yake, daga get har ƙofar falo intalok ne shimfiɗe, gefe guda an dasa ciyawar nan ta Turawa kore shar kamar darduma, jikin katanga kuma an jera dogayen bishiyoyin nan sirara masu ganye a sunkuye waɗanda ko akuya ba za ta samu inuwar kwanciya a ƙarƙashinsu ba. Ni kaina na yaba, gaskiya ya yi kyau. Da na koma a watan Afrilu ciyawar ta koma kamar tsohuwar tabarmar kaba, bohol ɗin ya fara tari, a kunna minti goma ya ɗauke, mai gadi kuma ya gaji da jan mesa. Na ce Yaya ya aka yi haka? Ya ce wai mai fulawar ne ya cuce shi ya sayar masa da iri mara kyau. Ba mai fulawa ba ne. Lissafin ruwa ne ba a yi ba tun farko, kuma ba shi kaɗai ba ne, zaga sabbin unguwanni ka gani.

Bari mu yi lissafin. A tsakiyar bazara, Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, rana da busasshiyar iska suna kwashe wajen lita 6 ko 7 na ruwa daga kowace murabba'in mita ɗaya ta ciyawa a kullum. Idan filin ciyawarka taku goma ne ta goma, wato kamar murabba'in mita 100, kana buƙatar lita 600 zuwa 700 kowace rana ta Allah, jarka 25 kenan ko fiye, kusan kura biyu ta ɗan garuwa, don kawai ciyawar da ba a ci ba a zama a kanta. A layin da maƙwabcinka ke tura yara da bokiti tun asuba. Ita wannan al'adar ta shimfiɗa ciyawa a gaban gida daga Ingila ta samo asali, ƙasar da ruwan sama ke sauka kusan kowane wata kuma rana ba ta da ƙarfi, su can Allah ne ke musu ban ruwa. Mu nan daga ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba sai a shafe wata bakwai ba ɗigo.

Za ka ce ai ina da bohol, da kuɗina na haƙa, yanzu ma na sa masa sola ba ruwana da man janareto. To nan ne matsalar take ɓuya. Birnin Kano a kan dutse yake zaune, Dala da Gwauron Dutse da Magwan ƙoƙon kansa ne kawai ya leƙo waje, sauran yana ƙasa. Ruwan da muke zuƙa ba wani teku ba ne a ƙarƙashin ƙasa, ɗan abin da ya taru ne a cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama-sama da kuma tsagogin dutsen, shi ya sa wani zai haƙa ya samu, na kusa da shi ya haƙa ya tashi a tutar babu. Kuma wannan ruwan ba daga ko'ina yake zuwa ba sai daga ruwan saman da ya nitse a ƙasa da damina. Ruwan famfo na Tamburawa da Challawa ba ya kaiwa kowace unguwa, kowa ya sani, don haka kowane sabon gida sai bohol, kowa ya zura tsinkensa a ƙwarya ɗaya, mai dogon tsinke ya shanye na mai rijiyar guga. Sola ɗin ma da muke murna da ita ta ƙara abin, don da can tsadar mai ce ke sa mutum ya kashe inji, yanzu tanki na ambaliya ba mai damuwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne gidan da ke kukan rashin ruwa a Afrilu shi ne dai ke korar ruwa a Agusta. Kano na samun ruwan sama wajen milimita 800 a shekara, wata shekarar ya fi wata ya gaza, kuma milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce cif. Rufin kwano mai murabba'in mita 100, wanda ƙaramin gida ne ma, yana tara lita 80,000 a damina ɗaya, jarka 3,200 kenan. Ina yake zuwa? Indararo ya zubo shi kan siminti, siminti ya miƙa shi ƙarƙashin get, ya faɗa kwatar da leda da robar lemo suka toshe, ya malale titi, ya shiga gidan wanda ya fi kowa zama a kwari. Da can birni cike yake da kududdufai, ramukan da aka ɗebi ƙasar gini, su ne ke karɓar wannan ruwan su riƙe shi ya dinga nitsewa a hankali yana ciyar da rijiyoyin unguwa. Eh suna da wari, suna da sauro, yara na faɗawa, ba na cewa aljanna ce. Amma mun cike da yawansu da bola mun yanka fuloti, ba mu yi wani abu a madadinsu ba, sannan muka zo muka liƙe tsakar gidajenmu da kankare. Ruwa kuwa ba ya ɓata hanya, sai ya nemi inda zai kwanta.

Don haka ni a wurina maganar shuke-shuken da ba sa cutar da muhalli a Kano ba daga zaɓen fulawa take farawa ba, daga tambayar ina ruwan rufina yake zuwa take farawa. Tanki yana da amfani amma kar mu yaudari kanmu, tankin lita 2,000 ruwa biyu masu ƙarfi sun cika shi, sauran dubban litocin fa? Babban tankin ƙasa ce da kanta. A bar wani ɓangare na tsakar gida ba siminti, a ɗan zurfafa shi kamar kwano, a karkato indararo ya zuba a nan, a dasa bishiya a ciki. Ko a haƙa rami a cika da tsakuwa da ɓaraguzan bulo ruwa ya dinga bi yana nitsewa. Idan intalok ɗin dole ne saboda mota da taɓo, a shimfiɗa shi kan yashi a bar tsakaninsa a buɗe, ba a zuba kankare a ƙasa sannan a liƙe ramukan da siminti ba kamar yadda wasu magina ke yi wai don kar ciyawa ta fito. Sharaɗi biyu ne, kar a yi ramin dab da fandisho, musamman gidan ƙasa, kar kuma a yi shi kusa da ramin masai. Masu tsoron sauro kuma, sauro na buƙatar wajen mako guda a ruwa mai kwanciya kafin ƙwai ya zama mai cizo, ramin da ke shanye ruwansa cikin kwana ɗaya ko biyu bai haifar da komai, tsohuwar taya da gwangwanin da ke bayan ɗaki su ne gidan sauro.

Sai zancen me za a dasa. Ni ban ga abin wahala ba, sunayen unguwanninmu ma sun gama ba da amsa. Kurna. Dorayi, wato ɗorawa da yawa. Giginyu. Kasuwar Rimi. Tsamiyar Boka. Durumin Iya. Cediyar 'Yan Gurasa. Ba wanda ya taɓa jan mesa ya ba waɗannan itatuwan ruwa, sun shekara ɗaruruwa suna ganin bazara suna wucewa, har suka zama alamar kwatance. Yau je ka Giginyu ka ƙirga giginya nawa ta rage. Tsamiya da kanya da ɗinya da aduwa da magarya saiwarsu na nitsawa can ƙasa ta nemo danshi, wasu su zubar da ganye lokacin wahala su rage shan ruwa, ga 'ya'ya ga inuwa ga magani. Kuka ita a jikinta ma take ajiye ruwanta, ga miya.

Amma a nan dole in yi adalci, don masu son itatuwan gargajiya wani lokaci suna magana kamar kowa gandu gare shi. Mutumin da ke da fuloti 50 ta 50, ya gina ɗaki uku da falo, ka ce ya dasa rimi ko kuka ko gamji? Shekara goma sha biyar saiwa ta ɗaga masa katanga ta shiga ramin masai, maƙwabci ya kai shi wajen mai unguwa. Cediya da durumi da duk danginsu saiwarsu mayen ruwa ce, duk inda bututu ke yoyo sai ta je. Ban da kuma Hajiya da za ta ce ba za a dasa mata tsamiya a gida ba saboda mutanen ɓoye, wannan kuma ba ni da ta cewa, ka je ka yi musu da ita. Manyan itatuwa wurinsu bakin titi ne da filin makaranta da harabar masallaci da maƙabarta, dubi yadda maɗaci ya rufe wasu titunan Nasarawa, ka shigo daga cikin gari da rana tsaka ka ji iska ta canza a jikinka. Ƙaramin gida kuwa zogale ya ishe shi, wata shida ya fi ka tsawo, ka dinga sare kansa yana ƙara tofo, ga kwaɗo. Lalle yana yin shinge mai kyau da ƙamshi in ya yi fure, ba ya son ruwa da yawa. Magarya, rumman, lemon tsami, gwaiba, gwanda a kusa da inda ake wanke-wanke. Ko inabi a ɗora shi kan rumfa ya yi wa mota inuwa.

Kuma ba wai duk baƙon itace ne abin ƙi ba. Darbejiya, dogon yaro, 'yar Indiya ce, zamanin Turawa aka kawo ta, amma yau wa zai ce ba 'yar gari ba ce? Ta jure fari, akuya ba ta cika damunta ba saboda ɗaci, rabin majalisun Kano a ƙarƙashinta ake zama. Laifinta ɗaya in ta samu wuri tsuntsaye da jemagu su baza irinta ta mamaye ko'ina har ka rasa wani itace sai ita. Mangwaro ma baƙo ne. Turare kuwa ɗan Ostareliya ne, yana saurin girma yana ba da azara, amma yana shan ruwa sosai kuma ba abin da ke yin kirki a gindinsa, ban ga dalilin sa shi kusa da rijiya ba. Ma'aunin da nake amfani da shi ɗaya ne: in na raine shi damina biyu ko uku, zai iya tsallake bazara shi kaɗai ko kuwa har abada sai na ɗauki nauyinsa? Bishiyoyin adon yayana sun faɗi wannan jarrabawar, ga shan ruwa ga ba inuwa ga ba 'ya'ya.

Akwai wani darasi daga maƙwabtanmu na Maraɗi da nake ganin ya shafe mu ko da muna birni. A farkon shekarun 1980 wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi ta dasa itatuwa a can suna mutuwa, har ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa duk shekara ba ciyawa ba ce, kututturan itatuwa ne masu rai da tsohuwar saiwa a ƙasa. Aka fara barin reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi ana gyara su, suka kira abin sassabin zamani, yanzu ana maganar hekta miliyan 5 da ta farfaɗo a Nijar, yawanci gawo, itacen nan mai abin mamaki da ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya yi kore da rani. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, wanda Kano na cikin jihohi 11 da ya shafa a Najeriya, shi ma da tafiya ta yi tafiya sai da aka gane jera dashe kawai ba ya wadatarwa. Mu kuma duk shekara a yi bikin dashen itatuwa, manya su sa hula su riƙe shebur a ɗau hoto, bayan sati biyu awakin unguwa sun yi kalaci. Dashe sai da kariya, ko bulo ko ƙaya ko kwando, kuma sai a ƙarshen Yuni ko Yuli da ruwa ya zauna don ya samu wata uku yana kafa saiwa kyauta, ba a Oktoba ba. Wanda ya sayi fuloti ya tarar da aduwa ko kurna a kusurwa, kafin ya kira mai gatari ya tuna shekara ashirin ce a tsaye a wurin.

Ƙasar kanta fa? Yawancin sabbin gidaje abin da ke tsakar gidan jar ƙasa ce ta ciko da ɓaraguzan gini, ba ta riƙe ruwa ba ta da abinci, sai a sayo kamfa ko yuriya a barbaɗa. Takin zamani yana ciyar da shuka na ɗan lokaci amma ba ya gyara ƙasa, in ya yi yawa ma ya ƙone saiwa. Alhali mu Kanawa mun daɗe da sanin sirrin nan, har masana daga waje irin su Michael Mortimore sun yi shekaru suna nazarin yadda gonakin kewayen Kano ake noma su duk shekara ba hutu kuma ba su mutu ba. Amsar jakuna ce. Su shigo birni da itacen girki su koma da mangala cike da takin awaki da toka da sharar gida. Birni na ciyar da gona, gona na ciyar da birni. Abin da ya ɓata wannan tsarin leda ce da batir da fasassun kwalabe da suka cika bolar yanzu, shi ya sa ban ba kowa shawarar ya ɗebo ƙasar juji ya shuka abin da zai ci ba. Amma a cikin gida kai ke da iko, rami ɗaya a bayan kicin, ɓawon albasa da na dankali da ragowar ganye da kashin kaji ko na tumakin Sallah da ɗan toka, a dinga yayyafa ruwa ana juyawa, wata biyu zuwa uku ya zama baƙar ƙasa mai ƙamshin damina. Ɗanyen kashin kaji dai kar a zuba shi kai tsaye, yana da zafi. Abin da ke ba ni haushi shi ne sharar safe, a tattara ganyen da bishiya ta zubar a cinna masa wuta, hayaƙi ya cika layi ga ƙurar hunturu, taki ne fa ake ƙonawa. A tara shi a gindin bishiyar ya rufe ƙasa, ko a samo ɓuntun shinkafa tunda injinan casa sun cika gari, ko ɓawon gyaɗa, za ka ga ban ruwan kullum ya koma na bayan kwana biyu ko uku. Gara za ta zo, gaskiya ne, busasshen abu take bi, a dai janye shi kaɗan daga jikin itacen kuma a nesanta shi da ƙofofin katako.

Ban ruwan ma akwai dabara. Ruwan alwala na gida mai mutum goma sau biyar a rana ba kaɗan ba ne, ga na wankin shinkafa da kayan miya, duk kwata suke tafiya, a sa wurin alwala a gindin lemon tsami shi kenan an gama da shi. Ruwan wanki mai omo da bilic shi ne ban yarda da shi ba, gishirin cikinsa na taruwa ya kashe ƙasa a hankali. Sannan tulu, na ƙasa wanda ba a shafe shi da komai ba, a binne shi har wuya a tsakiyar kwamin tumatir ko alayyahu, a cika a rufe baki, yana tsattsafowa daidai yadda ƙasar ke bushewa, ba abin da rana ke sata. A yi ban ruwa da yamma ko da sassafe, a ba da mai yawa jefi-jefi ya fi ɗan yayyafi kullum da ke sa saiwa ta zauna a sama.

'Yan haya da masu gidan da an riga an liƙe, noman buhu ya zo musu daidai, buhun shinkafa da ƙasa da taki, a huda gindi, alayyahu da rama da kuɓewa da damina, tumatir da salak da hunturu don tumatir bai son zafin bazara ko yawan ruwan Agusta. Wannan ba ado ba ne kawai, duk wanda ya san da irin ruwan da ake ban ruwan wasu lambunan bakin Jakara da Getsi, ruwan kwatar gari da na masana'antun Bompai, zai so ya san inda salak ɗinsa ya fito. Ba laifin manoman ba ne, abin da suka samu ke nan. Sai dai kar kuma ka shuka naka ka zo ka yi masa wanka da fiya-fiya, wadda guba ce da ba a yi ta don ganyen da za a ci gobe ba, tana kashe ƙudan zuma da ƙwarin da ke cinye ƙwarin da ke damunka. Manoman Kadawa sun gani a 2016 lokacin sharon, tsutsar nan da ta cinye gonakin tumatir, an yi ta feshi tsutsar tana cikin ganye ko a jikinta. A ɗan lambun gida 'ya'yan darbejiya sun isa, a daka a jiƙa ya kwana a tace a fesa da yamma, a maimaita bayan mako, ba ya kashewa nan take, hana su ci yake yi, sai an yi haƙuri.

Da ciyawar yayana ta mutu wani ya ba shi shawarar ya sayo ta roba, wai ba ruwa ba yanka. Na ce Yaya taka ta da ƙafa ba takalmi da ƙarfe biyun rana tukuna, roba ce, zafi take tarawa kamar kwalta, bayan 'yan shekaru ta farfashe ta koma bola. Bai saya ba, amma bai kuma bi duk abin da na faɗa ba. Ya dai cire intalok layi huɗu ta gefen da indararo ke zuba, ya sa zogale uku da rumman ɗaya da lemon tsami, ya bar ciyawar daidai shimfiɗar tabarma biyu inda yara ke wasa, wannan bokiti biyu ya ishe ta. Dogayen bishiyoyin nan kuwa ya ce ba mai taɓa masa su, kuɗi ya sa. Yanzu rigimar da ta rage tsakaninsa da Anti ce, ita tana so a share ganyen nan tas kowace safiya don kar baƙi su ce gidan ƙazanta ne kuma tana tsoron kunama, shi kuma ya hana, sun daidaita a kan a dinga turawa gindin rumman a danne da ƙasa. Rumman ɗin ya yi fure bana, 'ya'ya biyar ya riƙe, yara sun tsinke uku tun suna ɗanyu.